Samaru: Haɗarin ɗaukar kwamfutar tafi-da-gidanka tana cikin aiki

Ɗaukar kwamfutar tafi-da-gidanka daga wuri zuwa wuri alhali tana kunne abu ne da ya zama ruwan dare a tsakanin ɗalibai da malamai a Samaru ta Zariya. Sai dai jijjiga guda ɗaya, idan ta zo a daidai lokacin da rumbun ajiyar bayanan na'urar ke juyawa, tana iya salwantar da aikin shekaru cikin ƙiftawar ido.

Samaru, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari a jihar Kaduna, ita ce babban mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a watan Oktoban shekara ta 1962. A nan ne kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona take, tare da wasu cibiyoyin nazari da dama. Saboda haka gari ne da akasarin dukiyar mazaunansa ba ta cikin shago ko sito. Tana cikin rubuce-rubuce: kundin kammala digiri, da alƙaluman gwajin iri, da zanen gine-gine, da takardun lacca.

A yau kusan dukkan waɗannan a cikin kwamfuta ake tara su. Ɗalibi kan tashi da tasa daga ɗakin kwana na Sulaiman ko na Amina zuwa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, daga can ya wuce wurin malamin da ke duba aikinsa. Wanda ke zaune a Hayin Dogo ko Zango ko Palladan kuma sai ya hau babur ko keke napep da ita a bayansa.

Sunan na'urar ma kansa yana ba da ƙwarin guiwar yin haka, tunda an ce tafi-da-gidanka. To amma a cikin da yawa daga cikin irin waɗannan kwamfutoci akwai wani sashe guda wanda ba ya son tafiya matuƙar yana bakin aiki.

Faifai da allura

Sashen shi ne rumbun ajiyar bayanai mai faifai, wanda masu gyara ke kira had-dis. Ɗan akwati ne na ƙarfe da bai kai girman tafin hannun babban mutum ba, kuma a cikinsa ne duk abin da aka rubuta ko aka adana yake zama bayan an kashe kwamfuta.

Wanda ya san garmaho ba zai sha wahalar fahimtar yadda yake aiki ba. A ciki akwai faifai ɗaya ko biyu, na gilashi ko na gorar ruwa, waɗanda aka shafe da wani siririn sinadari mai ɗaukar maganaɗisu. Akwai kuma hannu mai ɗauke da wata 'yar mitsitsiyar allura, wadda ke kai da komo a saman faifan tana rubutu tana karatu.

Bambancin shi ne, allurar garmaho sai ta taɓa faifai kafin a ji sauti. Ita kuwa allurar rumbun kwamfuta, ranar da ta taɓa faifai ranar ɓarna ce.

A yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka faifan kan juya sau 5,400 a minti guda, wato sau 90 a kowane sakan, a wasu kuma har sau 7,200. A irin wannan juyi, bakin faifan na gudun da ya haura kilomita 60 a sa'a guda. Iskar da juyin ke tayarwa ita ce ke ɗaga allurar, ta riƙa shawagi a sama ba tare da ta sauka ba.

Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai nanomita 10 ba a rumbunan zamani, kuma nanomita guda shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Kaurin silin gashin ɗan Adam ya ninka wannan tazara sau dubbai. Hatta ƙwayar ƙurar hunturu da ke shawagi a cikin hasken taga ta fi ƙarfin ta ratsa ta wurin.

Asalin wannan fasaha daga kamfanin IBM na Amurka ne, wanda ya fito da rumbu na farko a shekara ta 1956. Wancan yana da faya-fayai 50, kowanne mai faɗin inci 24, girmansa kamar manyan firji biyu, amma abin da yake iya ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. An ƙera shi ne domin a girke shi a ɗaki a bar shi a nan. Daga baya aka yi ta ƙanƙantar da shi har ya koma mai inci biyu da rabi, aka sa shi cikin na'urar da ake ratayawa a kafaɗa, alhali tsarin faifai da allura yana nan yadda yake.

Abin da jijjiga ke haifarwa

Motsi a hankali, kamar a ɗaga kwamfuta daga wannan gefen tebur zuwa wancan, ba kasafai yake jawo illa ba, domin an ƙera rumbunan tafi-da-gidanka da juriyar da ta fi ta kwamfutar tebur. Haɗarin yana cikin bugu na ba-zata: a dangwarar da ita a kan benci, ko ta zame daga cinya, ko jaka ta bugi ƙofa, ko babur ya faɗa rami.

Idan bugun ya yi ƙarfi, allurar kan daki faifai yana tsakiyar gudu, ta karce sinadarin da bayanai ke kwance a kansa. Duk abin da ke rubuce a inda aka karce ya tafi ke nan.

Ɓarnar kuma ba ta tsayawa nan. Ɓurɓushin da ya tashi daga karcewar yana zama a cikin rufaffen akwatin, faifai ya riƙa watsa shi, allura ta riƙa cin karo da shi, kowane karo na haifar da sabuwar karcewa. Wannan ne ya sa kwamfuta kan faɗi yau ta tashi lafiya ƙalau, mai ita ya yi hamdala, sai bayan makonni ta soma nauyi, wasu fayiloli su ƙi buɗewa, daga bisani ta ƙi tashi gaba ɗaya. A lokacin an manta da faɗuwar, sai a ɗora laifin a kan ƙwayar cutar kwamfuta ko a kan tsufa.

Idan rumbu ba ya aiki, hannun kan janye allurar daga saman faifai ya ajiye ta a kan wani ɗan matashi da ke gefe. Takardun bayanin da kamfanoni ke fitarwa na nuna cewa rumbun da ke kashe yana jure bugun da ya ninka na wanda ke aiki sau biyu zuwa uku. Ke nan jijjigar da kwamfuta za ta shanye lami lafiya tana kashe, ita ce za ta iya kassara ta tana kunne.

Sakanni mafi haɗari

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an rufe murfi, kwamfuta ta daina aiki. Ba haka abin yake ba.

Akwai barci iri biyu da kwamfuta ke shiga. A gajeren barci, ayyukan da ke buɗe na zama a ma'ajiyar wucin gadi wadda batir ke riƙe da ita, kuma faifai kan tsaya bayan wasu sakanni. A dogon barci, wanda a manhajar Windows ake kira haibanet, sai kwamfuta ta kwashe duk abin da ke ma'ajiyar wucin gadin ta rubuta shi a kan faifai tukuna kafin ta mutu. Wannan aiki kan ɗauki sakanni da dama, wani lokaci ya kai minti guda ko fiye a tsohuwar kwamfuta.

Ma'ana, lokacin da allon ya yi duhu, mai yiwuwa lokacin ne allura ta fi kai da komo. Haka ma idan an danna wurin kashewa: tun daga Windows 8 da ta fito a shekara ta 2012, manhajar kan rubuta wasu bayanai a rumbu a lokacin kashewa domin ta tashi da sauri nan gaba.

Kuma daidai wannan lokaci ne mai kwamfuta ya fi gaggawa. An tashi daga lacca, ko an kira salla, ko motar Kongo na shirin tashi, sai a rufe murfi a cusa ta cikin jaka a saɓa. Masu iya magana dai sun ce sauri ya haifi nawa.

Matsalar wutar lantarki na ƙara tsananta lamarin. Inda wuta ba ta tsayawa, duk soket mai aiki abin rububi ne, kuma ba baƙon abu ba ne a ga mutum ya rungumi kwamfuta a buɗe yana sassarfa zuwa inda janareta ke aiki. Sannan da yawa daga cikin kwamfutocin da ake saye na hannu ne, waɗanda batirinsu ya riga ya yi sanyi. Irin waɗannan, da zarar an ɗauke wuta ko wani ya yi tuntuɓe da waya, sai su mutu nan take. An ƙera rumbu ta yadda zai janye allurarsa da ragowar ƙarfin juyin faifai idan wuta ta yanke, amma fayil ɗin da ake cikin rubutawa a lokacin yana iya lalacewa.

Akwai kuma kwamfutar da kan farka da kanta a cikin jaka, ko dai don an taɓa wani maɓalli ko don manhaja na son sabunta kanta. Alamar ita ce a ciro ta a ji ta ɗau zafi. Idan haka ta faru a kan hanyar Samaru zuwa Kwangila, to rumbun ya sha kowane rami da kowane tudun rage gudu yana juyawa, ga kuma zafi babu mafitar iska.

Ƙoƙarin kamfanoni

Masu ƙera kwamfuta sun daɗe da sanin wannan rauni. A shekara ta 2003 kamfanin IBM ya sanya wata na'ura mai jin motsi a kwamfutocinsa samfurin ThinkPad, wadda ke umartar rumbu ya janye allura da zarar ta ji alamar faɗuwa. Kamfanin Apple ya bi sahu a shekara ta 2005, sannan HP da Dell da Toshiba su ma suka fito da nasu.

Dabarar ta ceci bayanai masu yawa, amma tana da iyaka. Abin da ya faɗo daga tebur kan isa ƙasa cikin ƙasa da rabin sakan, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ne na'urar za ta gane abin da ke faruwa ta janye allura. Idan bugu ne kai tsaye, kamar jaka ta daki bango, babu wani gargaɗi da zai riga shi isowa.

Bugu da ƙari, ba kowace kwamfuta ke da wannan kariya ba, musamman masu araha. A wasu samfuran kuma sai da wata 'yar manhaja ta musamman take aiki. Idan aka goge kwamfutar aka sake ɗora mata Windows, kamar yadda aka saba yi wa na hannu kafin a sayar, ba tare da an mayar da manhajar ba, to na'urar tana nan amma ba ta tsinana komai.

Rumbun waje, wanda ake jona shi da waya domin adana fina-finai da hotuna, shi ma faifai da allura ne a cikinsa, kuma galibi ba shi da irin wannan kariya. Ɗaga kwamfuta alhali yana lilo a jikin wayarsa na daga cikin hanyoyi mafi sauƙi na hallaka shi.

Hatta ƙara na tasiri

Wasu abubuwa da suka faru a ƙasashen waje sun nuna irin laushin wannan na'ura. A shekara ta 2008 wani injiniya a kamfanin Sun Microsystems mai suna Brendan Gregg ya nuna a hoton bidiyo cewa kurma ihu a gaban jerin rumbuna na sa su jinkiri wajen aiki, saboda girgizar muryar na kautar da allura daga layinta.

A watan Satumban shekara ta 2016 kuma, ayyukan bankin ING a ƙasar Romaniya sun tsaya cik na tsawon kimanin sa'o'i 10, bayan da ƙarar iskar gas ta kashe gobara da aka saki lokacin gwaji ta lalata rumbuna da dama a cibiyar ajiyar bayanan bankin da ke Bukares.

Waɗannan ƙararraki ne da suka wuce misali, amma darasin a fili yake. Ɗora kwamfuta a kan babbar lasifika tana kiɗa, ko a kan teburin da ke jingine da janareta, ba dabara ba ce.

Alamomin rumbu mai ciwo

Rumbun da ya ji rauni yakan nuna alamu. Daga ciki akwai ƙarar ƙyas-ƙyas da ke maimaita kanta, da ƙarar gurzawa, da daskarewar kwamfuta idan an zo buɗe wani fayil, da ɓacewar fayiloli, da saƙon cewa ba a ga rumbu ba a lokacin tashi.

Rumbunan zamani na da tsarin lura da lafiyar kansu, wanda ke ƙidaya gurabun da suka lalace. Wani nazari da injiniyoyin kamfanin Google suka wallafa a shekara ta 2007, bayan sun bi diddigin rumbuna fiye da dubu 100, ya gano cewa rumbun da aka ga kuskuren farko a saman faifansa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwanaki 60 har sau 39. Sai dai nazarin ya kuma gano cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na rumbunan da suka mutu ba su ba da wani gargaɗi ta wannan tsari ba.

Idan alamun suka bayyana kuma kwamfutar na buɗewa, abu na farko shi ne a kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri, a fara da wanda ba shi da madadi. Kundin bincike na gaba da fina-finai.

Idan kuwa ana jin ƙarar gurzawa, to a kashe ta a ƙyale ta. Kowace kunnawa ƙarin karcewa ce. Bubbuga ta, ko sa rumbun a firji kamar yadda wasu ke ba da shawara, ko kwance shi don a leƙa ciki, duk ƙara dagula al'amari suke yi. Ba a buɗe rumbu sai a ɗaki na musamman da aka tace iskarsa daga ƙura, kuma kuɗin irin wannan aiki kan ninka farashin sabon rumbu.

Wanda zai kai kwamfutarsa wurin mai gyara a Samaru ko Sabon Gari, ya kamata tun farko ya fayyace masa abin da yake so: bayanan ne, ko kwamfutar. Domin hanya mafi sauri ta tayar da kwamfuta ita ce a goge rumbu a sake ɗora manhaja, kuma wannan na iya binne ragowar abin da da za a iya cetowa. Idan an canza rumbu, mai kwamfuta ya karɓi tsohon ya adana.

Sabon rumbu marar faifai

Tun daga wajajen shekara ta 2007 aka fara ganin kwamfutocin tafi-da-gidanka masu wani nau'in rumbu da ake kira SSD, wanda ba shi da faifai ba shi da allura. Yana adana bayanai ne a cikin ƙananan sassan lantarki, kamar katin ajiya na wayar salula. Tunda babu abin da ke motsi a cikinsa, jijjiga ba ta dame shi ba. A yau kusan dukkan sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka da shi suke zuwa, kuma kamfanoni uku ne kacal suka rage masu ƙera rumbu mai faifai, wato Seagate da Western Digital da Toshiba.

To amma abin da ƙasashe masu arziki suka ajiye shi ne ke shigowa kasuwannin Najeriya a matsayin kayan hannu, ta Legas zuwa Kano da Kaduna da Zariya. Don haka matsalar da ta kusa zama tarihi a Turai tana nan da ranta a hannun ɗalibin da ƙarfinsa bai kai na sabuwa ba.

Gane irin rumbun da mutum ke da shi ba wuya. Idan aka kara kunne kusa da inda ake ɗora tafin hannu aka ji wani siririn gurnani da 'yar ƙaramar ƙyas-ƙyas, to mai faifai ne. A Windows 10 da 11, shafin Task Manager ma na nuna nau'in rumbun. Kuma a galibin tsofaffin kwamfutoci ana iya cire mai faifai a sa SSD a gurbinsa, abin da ke ƙara wa kwamfutar sauri sosai.

Sai dai shi ma SSD ba ya hana asara. Yana iya mutuwa farat ɗaya ba tare da wata ƙara ba, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi wuya. Sannan babu rumbun da ke tsare bayanai daga ɓarawo, ko ruwan sama, ko shayin da ya zube.

Rigakafi

Matakan kariya ba su da tsada. Na farko, bayan an rufe murfi ko an kashe, a dakata har fanka ta yi shiru, fitilar rumbu ta daina ƙiftawa, sannan a ɗaga. Idan tafiyar ta mota ce ko ta babur, a kashe kwamfutar gaba ɗaya maimakon a bar ta tana barci.

Idan ya zama dole a matsar da ita tana kunne, a riƙe ta da hannu biyu a kwance, ba ta allo ba, a ajiye ta a hankali, kuma a guji yin haka lokacin da take kwafar fayil ko sabunta manhaja. A sa ta cikin jaka mai soso, kada a ɗaure ta a bayan babur inda kowane bugu ke isa gare ta kai tsaye.

Mataki mafi muhimmanci kuwa shi ne kwafi. Ƙa'idar da masana harkar suka fi yin nuni da ita ita ce a mallaki kwafi uku na duk abin da ke da daraja, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Ga ɗalibi, wannan na nufin ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash wanda ba a cikin jakar kwamfutar yake kwana ba, ɗaya kuma a intanet. Kamfanin Google na ba kowane mai asusu gigabait da dama kyauta, alhali rubutaccen kundin digiri ba kasafai yake wuce 'yan megabait ba. Ko da aika wa kai babi ta imel a ƙarshen kowane mako ya wadatar.

Kwamfuta dai idan ta mutu ana iya sayen wata, ko a yi aro. Amma alƙaluman da mai bincike ya tattara a gonar gwaji tsawon damina guda, idan suka salwanta, sai ya jira wata daminar kafin ya sake samun irinsu.